Jan Faifai a Ƙofar Zaure

Kwana uku muka yi zaune a ƙofar gidan Goggo muna karɓar gaisuwa. Duk wanda ya zo, da zarar ya ce "Ya haƙuri?" mun ce "Da godiya," an shafa fatiha, sai idonsa ya sauka a kan jan faifan da ke rataye a ƙusa jikin ƙyauren zaure. Faifai kayan cikin gida ne, wurinsa bakin ƙwarya ko kan akushi. Ganinsa a waje tsakiyar maza kamar ganin liman ne da ludayi a aljihu.

Wani dattijo mai fataucin shanu ya sassauta murya ya ce tsari ne irin na ungozomomi, kada kowa ya taɓa. Ladanin unguwa ya ce babu wani tsari, mantuwa ce irin ta mata, har ya miƙe zai cire. Sai maƙwabcin Goggo, mutumin Ibo mai shagon kayan mota a tasha, wanda tun safe yake zaune gefen tabarma idonsa jawur, ya riƙe masa hannun riga.

"Malam, bar shi. Mama ce ta sa da hannunta."

Ladan ya dube shi, ya dubi faifai, ya koma ya zauna.

A cikin gida kuwa, mai ɗakina ta ce mini dariyar da aka yi ta fi ƙarfin gidan makoki. Mace za ta shigo da kuka, ta zauna, ta ce "Allah sarki Goggo, ranar da ta ce mini..." kafin ta kai ƙarshen zancen ɗaki ya ɗauka. Liman ma da aka idar da salla ya juyo ya dubi sahu, ya ce in da za a ce kowa ya ɗaga riga, da an ga cibiyoyin unguwar nan duk aikin hannu ɗaya ne.

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Goggo ta riga mu. Ni dai na san tarihin faifan nan, kuma ina tsoron kada wata rana maganar mai shanu ta zama ita ce tarihi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Goggo yayar surukina ce, wato yayar mahaifin mai ɗakina. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan ubansu, nan bayan rijiyar Kusugu kaɗan, ta zauna. Ungozoma ce tun kafin a haife ni. Ba ta da haƙorin tauna goro, amma ba ta yarda goro ya san haka ba: kullum da ɗan magoginta a ƙulle a bakin zane. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ban taɓa ganin wanda ya iya taƙaita darasi kamarta ba. Da aka mai da tuƙin mota hannun dama, cewa ta yi sai yanzu mota ta koyi ladabi. Rediyo kuwa sunansa a wurinta "mai baki ba kunne". Da aka yi ta labarin an haƙo arziki a ƙarƙashin ƙasa can kudu, ta ce, "Su yi ta haƙa. Abin da muke binnewa a bayan ɗaki ya fi abin da suke tonowa." Mabiyiya take nufi, wadda ake binnewa in an haihu. Game da sana'arta kuma takan ce, "Haihuwa yaƙin mata ce, amma mu ungozoma sai an gama ake kiranmu. Wani lokaci mu tarar da ganima, wani lokaci mu tarar da gawa."

Abin da ya haɗa ni da ita ya faru ne shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga makaranta, ajujuwa suka cika har kan taga. Ina koyar da aji biyar. Ruwan kuɗin da ya sauka kan ma'aikata ya bar mini babur da agogon hannu, ina jin kaina mutumin zamani. A shekarar ne mai ɗakina ta samu cikin fari.

Wanda ya san garin nan ya san cikin fari ba a faɗarsa. Mai shi ba ta faɗa, mijinta ba ya faɗa, iyaye su yi kamar ba su gani ba. Sai dai a ce "baƙo". Ana jiran baƙo, baƙo yana hanya. Ni da na koyar da yara sassan jikin ɗan Adam a kan allo, da zane da kibiya, a gidana ban iya wuce kalmar nan ba.

Na dai matsa aka fara zuwa awo asibiti, kuma da yake ba ni zan shiga layin mata ba, Goggo ce ta raka ta. Yadda aka yi a ɗakin awon, daga bakin Sista mai karɓar haihuwa na ji shi daga baya, tana ba ni labari tana share hawayen dariya.

Sista ta ɗauki biro ta ce, "Watanki nawa?"

Mai ɗakina ta dubi yatsun ƙafarta.

"Yana motsi?"

Ta ƙara sunkuyar da kai.

"Iya, kurma kika kawo mini?"

"Ba kurma ba ce, ɗiyar mutane ce. Tambaye ni."

"Ke ce mai cikin?"

"A'a. Amma ni na san ranar da ta daina son warin daddawa. Ana cirar gyaɗa."

Sista ta lissafa da yatsu, ta auna da hannu, ta ce lissafin Iya ya fi na kalanda. Amma da ta gama dubawa sai fuskarta ta canja. Ta ce yarinyar ƙugunta ƙarami ne, baƙon kuma ba ƙarami ba ne. Kada a kuskura ta haihu a gida, kuma da ta ji alamar farko a kawo ta, ba sai abu ya yi nisa ba. Ta rubuta haka a kati. Da dare ya yi mai ɗakina ta ajiye katin a kan littattafaina ta fita, na karanta. Nan na gano amfanin Turanci guda ɗaya da ba a faɗa mana a kwalejin horon malamai ba: ba shi da kunya.

Ba a yi mako biyu ba sai ga saƙon surukina: in wata na bakwai ya kama a kai masa ɗiyarsa goyon ciki, kamar yadda aka saba, ta haihu a gaban uwarta. Shi kuwa noma ya kai shi wani ƙauye gaba da Mai'adua, dab da iyaka, inda mota ke shiga ranar kasuwa kawai, in damina ta zauna kuma ko ranar kasuwar sai an yi addu'a. Lissafin gyaɗar Goggo kuwa tsakiyar damina ya nuna.

Na san ba zan iya ja da suruki ba. Na kuma ɗauka Goggo, da yake ungozoma ce, ita za ta fi kowa ƙin asibiti, don ba a tambayar mai jaki ra'ayinsa kan mota. Sai na zauna na tsara hujjoji biyar daga littafin kiwon lafiya, na haddace, na tafi. Na tuɓe takalmi tun daga zaure, na durƙusa nesa, na yi ta jero gaisuwa.

"Malam, gaisuwar nan ta yi tsawo. Da wa'azi ka zo?"

Na ce, "Goggo, dama wata 'yar magana ce, kashi biyar. Na farko..."

"Tsaya. Muddin ina surukarka kana surukina, sai baƙon nan ya yi gemu ba mu gama magana ba. Daga yau na tashi daga suruka na koma kaka. Ɗago kanka ka dube ni. Bayan suna sai in koma matsayina."

Na ɗago.

"Na farkon na ji. Sauran huɗun ka ajiye wa 'yan aji. Abin da Sista ta faɗa, a gabana ta faɗa, kuma tun kafin ta faɗa hannuna ya gaya mini. Asibiti za ta haihu. Ƙanena kuwa ka bar ni da shi, ni na goye shi."

Har ta rasu ba ta koma suruka ba. Na taɓa tuna mata, ta ce ba a rage wa ma'aikaci girma bayan an ƙara masa.

Ranar kasuwa surukina ya zo da kansa. Ina zaure, ba da niyyar saurare ba, amma muryar Goggo ba ta buƙatar niyya.

"Yaya, al'ada ce. Cikin fari gidan uba ake kai shi."

"To wa ya hana? Gidan nan gidan wa?"

"Yaya, kin san abin da nake nufi."

"Uban wa ya gina zauren nan? Kai ne ka yi ƙaura, gida bai yi ba. Mabiyiyarka tana bayan ɗakin can, a gabana aka binne. In kana musu a ɗauko fartanya."

"Mu duk a gida aka haife mu, ga mu nan da ranmu."

"Kai ƙirga mini waɗanda aka haifa, ni in ƙirga maka waɗanda suka haifa ba su tashi ba. Ni ke yi musu wanka. Ko in fara da wadda ka sani?"

A lokacin ban gane wadda take nufi ba. Surukina ya fito fuu, ya wuce ni bai gan ni ba, ya nufi tasha ko ruwa bai sha ba. Can sai ga shi ya dawo, wai ya manta carbi. Ya zauna ya cinye tuwon da ya yi fushi da shi, ya ce uwar yarinyar za ta zo da wake da kanwa in lokaci ya yi. Haka aka yi goyon ciki a cikin Daura, al'ada ba ta ji ciwo ba, asibiti kuma tafiyar ƙiftawar ido a mota.

Asibiti sun ba da takardar kayan da za a zo da su. Ni na karanta wa Goggo, ita kuma ta yi wa kowane layi sharhi kamar mai fassara a wurin tafsiri.

"Zannuwa uku, tsofaffi, wankakku."

"Ka ga masu hankali. Sun san ba biki za a je ba."

"Sabulu biyu. Auduga ƙunshi ɗaya."

"Audugar da muka noma aka kai musu, yanzu mu saya a takarda. Ci gaba."

"Sabuwar reza, wadda ba a taɓa amfani da ita ba."

"Kawo taka ma ta yi. Ban ga abin da take askewa ba."

"Zaren ɗaurin cibi. Sai kati, kada a manta da kati."

"Shi ke nan? To wanda ya rubuta takardar nan bai taɓa haihuwa ba."

Ta jera kayan cikin wata babbar kwalla mai zanen furanni, ta ƙara da abin da takarda ta manta: 'yar tukunyar ƙasa sabuwa mai murfi, ta ɗauko mabiyiya. Ta ce asibiti su riƙe iliminsu, amma abin da ya rako baƙo gida zai dawo. Sannan ta rufe kwallar da jan faifai. Ni kuma aka sa ni sayen itacen wankan jego, aka jibge shi a ƙofar gida har ya kusa kai indararo. Duk mai wucewa ya kalli itace ya kalle ni ya ce, "Malam, Allah ya kawo baƙo lafiya." Abin da baki ya ɓoye wata bakwai, itace ya tona shi rana ɗaya.

Saura babbar matsala, wadda ni da hujjojina biyar ban hango ba. Sista ta ce a kawo ta da alamar farko. To wa zai san alamar farko ta zo? Mai cikin fari ba ta cewa tana naƙuda. Jarumtarta ke nan: ta shige ƙuryar ɗaki, ta cije zane, sai dai a ji kukan jariri. Wadda ta kasa cewa "wata huɗu" a gaban Sista, ba ita za ta buɗe baki ta ce wa yayar ubanta ga abin da take ji ba.

Goggo ta kira ta, ni ina daga bakin ƙofa, ta ce, "Ɗiyar nan, ba zan ce ki yi magana ba, na san gidan da kika fito. Kin ga faifan nan na kan kwalla? Ranar da kika ji abin da ba ki saba ji ba, ko kaɗan ne, ki ɗauke shi ki miƙo mini. Ba sai kin dube ni ba. Ni kuma in rataya shi a ƙofar zaure. Malam, makarantarku ba ga ta can ba? Ka nemi tagar da ke kallon nan."

In dare ne babu damuwa, a-kori-kurar mai kayan mota a ƙofar gidansa take kwana, katanga ɗaya ce tsakani, kuma Goggo ce ta yanke cibin 'ya'yansa biyu, ya ce motarsa motarta ce. Da rana ne yake tafiya da ita tasha. Aikina shi ne in ga faifai, in hau babur, in taho da shi. Na ce wa Goggo me zai hana a aiko mini kawai? Ta ce saƙon baki kafin ya isa makaranta ya biya gida goma, yarinyar kuma in ta san za a yi shela, ba za ta miƙa ba.

Na roƙi malamin aji uku muka yi musanyar ɗaki, na ce wa hedimasta hasken wancan ya fi dacewa da idona. Makonni na yi ina koyar da lissafi da rabin fuska. Sufeto ya zo ya rubuta cewa malamin ya san aikinsa, amma yana yawan nazarin yanayin sama.

Wata rana da la'asar na kawo mata goro, tana gogawa, na ce, "Goggo, ke da ya kamata ki fi kowa kare tsohuwar hanya, me ya sa?"

Ta daɗe tana goga goron har ya wuce yadda take so.

"Ina da ɗiya ɗaya. Ba ka tarar da ita ba. A ɗakin can ta yi nata goyon cikin. Kwana biyu tana ƙurya ba ta ce uffan ba, ni kuwa ina tsakar gida ina jin daɗi, ina cewa a raina na haifi mai kunya. Na san abin da ake ciki sarai, ni ungozoma. Na ce kada in kunyata ta. A rana ta uku na shiga." Ta kaɗe magogin a tafin hannu. "Mutane suka yi ta yabonta a wurin gaisuwa, wai ko tari ba a ji ba. Yabon nan har yau yana kunnena. Ungo goro, ka tashi, magariba ta yi."

Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma haka.

Ranar wata Talata da hantsi ina tsakiyar darasin kashi-kashi na ɗaga ido, sai ga ja a ƙofar zaure. Na bar alli a iska. Na isa tasha, muka tayar da mota, ta yi tari biyu ta mutu: babu mai. A ƙasar da ake cewa mai ya yi mata yawa har ba ta san yadda za ta yi da kuɗinsa ba, gidan man garin layi ne har bakin titi. Muka yi ta zuƙo na babur da tiyo muna ɗurawa, na haɗiyi rabin kofi. Da muka iso, ina warin fetur, hulata ta faɗi a hanya, sai muka tarar da Goggo zaune a zaure tana kaɗa ƙafa.

"Tun da na rataya faifan nan na ɗora tukunya, na yi talge, na tuƙa, na kwashe. Malam, kai kake yi wa 'ya'yan mutane jarrabawa, yau ni na yi maka. Ka faɗi. Kai ma mai mota ka faɗi."

"Mama, mai ne babu."

"Baƙo zai jira mai? A cika galan a kawo mini nan. Kun ga abu na biyu da takarda ta manta."

Daga ranar galan ɗin fetur ya samu wuri a lungun zaure, an kife masa tsohon kwando, kuma Goggo ta hana kowa shiga da fitila. Na yi fushi kwana biyu. A na uku na auna da agogona, na ga in da gaske ne da mun makara.

Ta gasken ta zo ana jarrabawar ƙarshen shekara, an kwana ana ruwa. Mai ɗakina ta ce mini daga baya ta fi sa'a tana kallon faifan, tana cewa bari dai ta ƙara jira. Goggo tana tsakar gida tana tsince wake, ta juya mata baya da gangan, amma hannunta ɗaya a miƙe yake ta baya, tafin a buɗe, kamar mai jiran canji. Mai ɗakina ta ce hannun nan ne ya ba ta kunya fiye da maganar. Ta ɗauka ta sa mata.

Wannan karon kafin ruwa ya tafasa mun iso. Goggo ta shiga gaba tare da ita, kwalla a cinya. Ni da galan muna baya.

A ƙofar ɗakin haihuwa Sista ta karɓi kati, ta karɓi kwalla, ta tare Goggo.

"Iya, nan iyakarki."

"Ni? Kafin a haifi uwarki nake wannan aiki."

"Na sani. Shi ya sa kika kawo ta da wuri. Zauna a benci. Wannan tukunyar fa?"

"Ta abin da ya rako baƙo ce. A cike nake son ta."

Sista ta karɓa.

Abin ya yi tsawo. Azahar ta wuce, aka aika kiran likita, ya shiga bai fito ba. Ina can ƙarshen baranda inda maza ke tsayawa, na karanta duk abin da na haddace har na koma kan jadawalin sau. Daga ɗakin babu motsi. Sai na ga Goggo ta miƙe ta kafa baki a jikin ƙyaure.

"Ɗiyar nan! Ban son shirun nan. Yi ihu! In an tambaya, ni ce!"

Sai ta juya ta fuskanci baranda, tsohuwa mai jikokin unguwa, ta dafe ƙugu ta kwarma ihu: "Wayyo Allah na! Wayyo bayana!" Masu jinya suka firfito. Wani mai shara ya yar da tsintsiya ya ruga neman keken marasa lafiya. A ƙarƙashin ihun Goggo kuwa na ji wata ƙaramar murya daga ciki ta ɗauka, ta ƙaru, har ta fi ta waje. Duk wanda ke asibitin ran nan zai rantse tsohuwa ce ta yi ta kururuwa. Sista ta ce da yarinyar ta saki murya sai ta saki jiki, ta fara jin abin da ake ce mata ta yi.

Bayan la'asar murya ta uku ta shigo, siririya, mai fushi. Mace ce. Sista ta fito tana goge goshi, ta miƙa wa Goggo tukunya a rufe, ta ce, "Iya, ga kayanki. Da a gida ne, da yanzu wata maganar ake yi." Goggo ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Na sani, ɗiyata. Na taɓa jin waccan maganar." Sannan ta rangaɗa guɗa da abin da ya rage mata na murya.

An binne mabiyiya a bayan ɗaki kusa da ta kakan jaririyar. Kan wankan jego Goggo ta sake ɗan taɓawa da Sista, wadda ta ce a rage zafin ruwa a rage kanwa a kunu. Goggo ta ce asibiti ta yi nata, saura namu, amma mai ɗakina ta ce ta ga tana sirka ruwan in ta ɗauka ba a kallonta. Ranar suna aka mai da wa yarinya sunan Goggo. Surukina ya zo da rago, yana gaya wa mutane dama shi tun farko asibiti ya so.

Daga nan faifai ya shiga unguwa. Duk gidan da aka jibge itace, sai uwar yarinya ta zo ta ce, "Goggo, aron faifai." Kwalla tasu, faifai nata, ƙusa ta ƙofar zaurenta, taga tawa, mota ta maƙwabci. Wata abokiyar sana'arta ta ce mata ta kashe wa ungozomomi kasuwa. Ta ce kasuwar da ake tashi da likkafani, gara ta ƙi ci.

Shekara uku ke nan. Makon jiya da hantsi na ɗaga ido daga allo na ga ja. Na yi lissafin gidajen da ke da itace a ƙofa, ban samu ko ɗaya da lokacinsa ya yi ba. Na ce wata jarrabawar ce. Duk da haka na bar alli, na ɗauko maƙwabci.

Goggo tana zaune a zaure ta yi lulluɓi, tsohuwar kwallar nan a gefenta. Ta dubi inuwar ƙofa ta ce, "Kun ci."

Na ce, "Goggo, baƙon wane gida?"

"Yau ba baƙo ne zai zo ba, Malam. Baƙuwa ce za ta koma. Tun shekaranjiya nake jin abu ya tokare mini ƙirji. Na ce in yi shiru kada in tayar wa mutane da hankali, sai na tuna ni na hana. Ɗauki kwallar, a hankali."

A asibiti da Sista ta buɗe, ta tarar da zannuwa uku tsofaffi wankakku, da sabulu biyu, da farin yadi a naɗe a ƙasa. Ta mayar da murfin. Kwana huɗu Goggo ta yi, tana gyara wa masu jinya yadda ake ɗaura zane, tana tambayar duk wadda ta wuce da ciki ko ta haɗa kayanta. A rana ta biyar bayan azahar, da kalmar shahada a bakinta, mai ɗakina na riƙe da hannunta, ta koma.

Allah ya karɓi baƙuncinta. Yadda ta tarbi 'ya'yan mutane da ruwan ɗumi da zane mai tsabta, Allah ya sa a tarbe ta da abin da ya fi haka. Ya haɗa ta da ɗiyarta a inda ba a cije zane. Mu da ta bari, Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata tamu in ta zo.

Jiya bayan sadakar uku, mutane sun watse, ana naɗe tabarmi, sai ga wata mata daga layin baya ta tsaya a bakin zaure tana murza gefen mayafi. Ɗiyarta ta shiga wata na bakwai, ta ce, ba ta sani ba ko yanzu... Mai ɗakina ta fito, ta miƙa hannu ta zare faifan daga ƙusa, ta kaɗe shi, ta ba ta.

"Ki ce mata ba sai ta dubi kowa ba. In ta miƙo, ki kawo nan, ni zan rataya."

Maƙwabci ya ɗaga kwando ya girgiza galan, ya ce da sauran rabi, gobe zai cika. Ni kuma da safe zan je in gaya wa hedimasta har yanzu idona bai warke ba.